Daren da aka yi wa Umma ta'aziyyata ina raye

Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi. Ba zan kama sunan makarantarmu ba, ko na wani mutum, don abin da ya same ni zai iya samun ɗalibin kowace babbar makaranta a cikin garin nan namu na Kano.

A Gwammaja aka haife ni. Baba yana da tebur na yadi a Kantin Kwari, kuma tun da na yi wayo na san shi da rediyo. Da daddare in ya ci tuwo sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kamo Freedom Rediyo, mu yi tsit ana sauraron Inda Ranka. A nan muke jin an kama ɓarawon akuya a unguwa kaza, an yi faɗan daba a unguwa kaza. Umma tana daga bakin murhu za ka ji ta ce, “Allah ya tsare mana zuri'a.” A lokacin labarin wasu ne, na ɗauka irin abin nan a cikin rediyo kawai yake zaune.

Ina da shekara 11 aka kai harin ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012. Muna ƙwallo a layi bayan la'asar muka ji ƙara har ƙasa ta amsa. Mutum sama da 150 suka rasu a ranar, aka sa dokar hana fita, Baba kuwa a ƙafa ya dawo daga kasuwa. Sai 2014 ta zo, abin ya koma kan makarantu: makarantar koyon tsaftar muhalli a watan Yuni, Kano Poli a watan Yuli inda ɗalibai suka taru suna duba sunayensu na bautar ƙasa, sannan kwalejin ilimi ta tarayya da ke Kabuga a watan Satumba. Daga nan kowace makaranta ta ƙara tsawon katanga, aka zuba masu gadi, aka shiga binciken jaka da but ɗin mota. Shi ya sa ranar da na samu gurbin karatu a 2021, tambayar da Umma ta fara yi mini ita ce, “Ana bincike a ƙofa kuwa?” Na ce mata ana yi, har katin shaida sai ka nuna. Ta ce alhamdulillahi. Ni da ita duka mun ɗauka in ƙofa ta tsaru, ɗalibi ya tsaru.

Ban samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, kamar yawancinmu. Ni da wani abokina muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki a unguwar da ke bayan makaranta. Daga ƙaramar ƙofa zuwa ɗakin tafiyar kamar minti goma sha biyar ce. Za ka wuce teburin mai shayi, ka bi ta gefen wani kango da aka fara gini aka bari, ka tsallake kwalbati, sannan ka shiga lungunmu. Wuta ba ta zama a unguwar, don haka duk mai son karatun dare sai ya koma aji. Tun daga Yulin 2022 kuma gwamnati ta hana Adaidaita Sahu aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Acaɓa dama tun 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja. In ka wuce goma a aji, ƙafarka ce motarka.

A nan ne laifina yake, kuma shi ne ya fi yi mini nauyin faɗa. A shekararmu ta farko aka ƙwace wayar abokin ɗakina a daidai kangon nan. Ya shigo yana haki, hannun rigarsa a yage, ya ce da safe zai je ofishin tsaro na makaranta ya faɗa. Ni na hana shi. Na ce masa wayar ba za ta dawo ba, ɓata lokaci ne kawai. Na ce mu baƙi ne a unguwar nan, yaran sun san fuskarmu sun san ƙofar ɗakinmu, in suka ji mun kai ƙara mu za su dawo wa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne tsoro nake kada maganar ta kai gida, Baba ya ce in tattara in dawo. Ya bi shawarata. Bayan nan aka fizge jakar wata 'yar ajinmu a wurin, aka tare wasu yara biyu 'yan aji ɗaya, ni kaina an taɓa biyo ni sai da na ruga na faɗa rumfar mai shayi. Duk mun sani. Mukan zauna a bakin aji mu yi ta mayar da zance, kowa ya ce Allah ya kyauta, a tashi.

Makon farko na Fabrairun 2023 ne, lokacin da aka canza fasalin kuɗi, takardar Naira ta yi ɓatan dabo, mutane suna kwana a layin banki. Komai da waya ake saya, har ƙosai. Muna tsakiyar jarrabawa. Na fito daga aji wajen sha ɗaya na dare, ana sanyi, hazo ya rufe ko'ina. Abokin ɗakina bai zo ba ranar, mura ta kwantar da shi. Da na zo kusa da kwalbatin sai na kunna fitilar wayata don in ga gabana.

Su uku ne. Ban ji tahowarsu ba, sai dai na ji murya a kafaɗata: “Malam, kawo ta.” Wallahi ban yi niyyar gardama ba. Hannuna ne ya damƙe wayar da kansa, irin damƙar da mutum kan yi in ya firgita. Shi ke nan. Na ji kamar an doke ni da gora a damtse, sannan a cinya. Ban san wuƙa ba ce sai da na ji wani ɗumi yana bin ƙafata a cikin wando, alhali ana wannan sanyi. Na yi ihu sau ɗaya na zauna a ƙasa.

Mutane sun taru, ba a jima ba. Ina kwance ina ganin fitilun waya sun kewaye ni, na ji daɗi a raina, na ɗauka haska ni ake yi don a ga inda za a kama. Daga baya na gane wasu hoto suke ɗauka. Ina jin ana cewa, “A kira 'yan sanda.” Wani ya ce, “Kada ka taɓa shi, in ya cika a hannunka kai za ka yi bayani.” Ba na zargin mai wannan magana, don ni ma da irin wannan tsoron na girma. Sai daga baya na san cewa dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, kuma akwai dokar 2017 da ta ce ko wanda aka harba da bindiga a yi masa magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba, wanda ya taimaka ya kawo shi kuma kada a takura masa. A wannan dare babu wanda ya san haka a cikin waɗanda ke tsaye a kaina.

Mai shayin ne ya ratso su. Dattijo ne, ban taɓa sanin sunansa ba sai Baba mai shayi, shi kuma “ɗan makaranta” yake ce mini. Ya cire mayafin da ya naɗe wuyansa da shi ya ɗaure mini cinya tamau, yana ta cewa, “Yi ta salati, ɗan makaranta, kada ka yi barci.” Ya buga ƙofar wani maƙwabci mai mota, suka sa ni a baya. A asibiti an karɓe ni, amma da aka zo sayen zaren ɗinki da ruwa da allurai sai aka tsaya cirko-cirko. Mai motar ya yi ta tura kuɗi ta waya yana maƙalewa. Sai Baba mai shayi ya zaro wata baƙar leda daga aljihu, cinikinsa na ranar, 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin duk sun yi laushi da maiƙo, ya zazzage a kan kanta. A lokacin da mai miliyan a banki ba ya iya samun dubu biyar a hannu.

Duk wannan a cikin awa biyu aka yi shi. Labarin kuwa ya riga motar isa. Wani ya tsinci katin shaidata a ƙasa ya ɗauki hotonsa, ya haɗa da hotona ina kwance cikin jini, ya tura zauren WhatsApp na ɗalibai. Kafin asuba wani shafi na Facebook mai yawan mabiya ya ɗora, da manyan baƙaƙe: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, masu ƙwacen waya sun hallaka ɗalibi. Ga sunana cikakke, ga fuskata. Babu wanda ya zo asibiti ya duba, babu wanda ya kira wani ya tambaya.

'Yar ƙanwar Umma ce ta fara gani. Ta kira lambata a kashe, ta kira wata maƙwabciyarmu tana kuka. Umma ta idar da sallar asuba tana kan dadduma maƙwabciyar ta yi sallama ta shigo, ta durƙusa ta ce, “Yaya haƙuri?” Ta ɗauka an riga an faɗa mata. Ƙannena suka ce Umma ba ta yi kuka ba, ta dai tambaya sau biyu, “Haƙurin me?” aka nuna mata wayar, ta kalli hoton, ta sulale. Tun daga ranar take shan maganin hawan jini.

Baba kuwa ya fita nemana. Asibiti biyu ya je, kuma a kowanne ɗakin ajiye gawa ya fara tambaya. Sai wajen ƙarfe takwas ya same ni. Ina kallon ƙofa na gan shi ya shigo, hularsa a karkace, silifas ɗin banɗaki a ƙafarsa, mutumin da ko masallacin layi ba ya zuwa sai ya kintsa. Ya tsaya a ƙarshen gado bai matso ba. Ya sa hannu ya kama babban yatsan ƙafata ya riƙe, kamar mai son ya tabbatar da ɗuminsa. Ya ce, “Kai ne?” Na ce, “Ni ne, Baba.” Ya juya ya fuskanci bango. Ban taɓa ganin kafaɗunsa suna rawa ba sai ranar. Na yafe wa yaran da suka soke ni tun ban bar asibiti ba. Wanda ya rubuta cewa na mutu, shi na daɗe ina fama da zuciyata a kansa.

Da na samu sauƙi na ari wayar ƙanena na karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton. Da yawa addu'a ce, Allah ya saka musu. Amma akwai masu cewa faɗan budurwa ne, akwai masu cewa ai dama ɗan shaye-shaye ne, akwai mai tambayar me ya fitar da ɗan mutunci ƙarfe sha ɗayan dare. Mutanen da ba su taɓa ganina ba. Washegari shafin ya rubuta layi biyu cewa ɗalibin bai rasu ba, ba tare da ban haƙuri ba, kuma bai goge na farkon ba. Gyaran bai je ko'ina ba. Har bayan Sallah ina haɗuwa da waɗanda in sun gan ni sai su ja da baya.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Wani ma'aikacin gidan rediyo ya zo asibiti a kwana na uku. Ya gaida Baba, ya nemi izini kafin ya kunna rikoda, ya tambaye ni ko ina so a faɗi sunana, na ce a'a. Ya je ya ji ta bakin mai unguwa da na 'yan sanda kafin ya sa labarin. A gida aka ji shi a rediyon Baba, a tsakar gidan nan da nake jin labarin wasu.

Kuɗin da ke asusuna, Naira dubu 47, kafin gari ya waye an kwashe su. Da layina suka yi amfani, lambar sirrin kuwa ni na ajiye musu ita a cikin sunayen waya, na rubuta “banki” a kai. A caji ofis ɗan sandan da ya ɗauki bayanina ya tambaye ni lambar IMEI ta wayar. Ban san ta ba, kwalin ma na yar tun ranar da na saye ta a Farm Centre. Ya nuna mini a tasa wayar cewa in ka danna *#06# za ta fito, ya ce da ita ake bin sawun waya in an sa mata wani layi. Mun yi ta zirga-zirga, Baba ya kashe abin da ya kashe, ba a kama kowa ba.

Amma abin da ya juya mini tunani a ofishin tsaro na makaranta ya faru. Na je da sanda ina ɗingishi. Shugaban masu gadin ya ba ni kujera, ya jajanta mini sosai, sannan ya ce, “Ɗana, a ciki ne ko a waje?” Na ce a bayan katanga ne, taku kaɗan daga ƙaramar ƙofa. Ya ce to a gaskiya wajen katanga ba huruminsu ba ne. Raina ya ɓaci, na ce, “Yallaɓai, ai ba yau aka fara ba, kowa ya san hanyar nan.” Bai yi musu da ni ba. Ya jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango ya buɗe a gabana, ya riƙa juya shafi yana bi da yatsa. Satar kwamfuta a ɗakin kwana, ɓatan babur a wurin ajiya, faɗa a wurin cin abinci. Babu ko layi ɗaya a kan hanyar kango. Ya ce, “Wa ya zo ya faɗa? In na je gaban hukuma neman ƙarin ma'aikata ko fitila, da me zan je?”

Na kasa ba shi amsa. Ni kaɗai na san mutum shida da aka tare a wurin. Na farkonsu kuma ni na hana shi zuwa wannan ofis. Har yanzu ina ganin bai kamata makaranta ta ce ruwanta ya ƙare a jikin katanga ba, alhali ta san rabin ɗalibanta a bayan katangar suke kwana, kuma hasken ajinta ne ke fito da su da daddare. Amma ranar na fita daga ofishin nan da kunya fiye da fushi. Da na koma ɗaki na roƙi abokina gafara. Ya ce shi ma bai taɓa daina tunanin da ya je ɗin ba.

An rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu saboda zaɓe, amma hutun bai cece ni ba, don jarrabawa uku sun riga sun wuce ni, sai da na maimaita su. Yatsuna biyu na hagu har yau ba sa lanƙwasuwa sosai. Wata da watanni in na ji taku a bayana sai zufa ta karyo mini, ko da rana tsaka ne a cikin kasuwa. Baba ya ce in haƙura da karatun in zo mu zauna a tebur. Na yi kwanaki ina tunani, don a gaskiya raina ya so hakan. Umma ce, ita da ta fi kowa shan wuya, ta ce, “Malam, in ya bari sun cuce shi sau biyu.” Aka tsaya a kan zan riƙa zuwa daga gida, in dawo kafin magariba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu kuɗin Adaidaita ya tashi, wasu ranaku rabin hanya a ƙafa nake yi.

A wannan watan ne ƙwacen waya ya ishi kowa a Kano, har gwamnatin jiha ta ce daga yanzu za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Jama'a kuma suka fara yanke hukunci da hannunsu. Wani abokina ya turo mini bidiyon wani yaro da aka kama ana duka, ya rubuta, “An rama maka.” Na buɗe, na ga yaro a ƙasa, na ga fitilun waya sun kewaye shi. Na rufe ban ƙarasa ba. Wataƙila ɓarawon ne da gaske. Amma ni da aka rubuta a ƙarƙashin hotona cewa na mutu, aka rubuta cewa ɗan shaye-shaye ne, ba zan ƙara yarda da rubutun ƙarƙashin hoto ba sai na ji daga wanda ya je ya gani. Tun daga lokacin ban sake tura wa kowa hoton wanda aka ji wa rauni ba, kuma in aka turo zaure nakan tambaya wa ya tabbatar, iyayensa sun sani? Wasu suna jin haushina a kan haka.

Da muka koma zango na gaba, ni da abokina da shugaban ajinmu muka sayi littafin rubutu mai warƙa 80. Muka ja layi: rana, lokaci, wuri, abin da aka ɗauka, ko an ji rauni. Wanda ba ya son a sa sunansa ba a sawa. Da farko mutane sun yi ta noƙewa, musamman mata, don tsoron kada a ce me ya fitar da su. Sai wata 'yar ajinmu ta karɓi ɓangarensu, suka riƙa faɗa mata ita. Kafin ƙarshen zango mun cika shafi huɗu, kuma duk wanda ya duba zai ga yawancinsu tsakanin kango da kwalbati ne, daga goma zuwa sha biyun dare. Muka kai wa shugaban masu gadi, ya kwafe a littafinsa, shi ya raka mu ofishin kula da harkokin ɗalibai, daga nan aka je wurin mai unguwa. An kafa fitilar sola biyu. 'Yan sintirin unguwa suka riƙa tsayawa a wurin, ɗaliban da ke haya suna haɗa musu abin shayi duk wata. Muka kuma tsara a riƙa fitowa daga aji a rukuni. Abin bai ƙare ba, ya dai matsa can gaba inda hasken bai kai ba, amma har na gama ba a sake zubar da jinin ɗalibi a bakin kwalbatin nan ba.

Yanzu na kammala. Ina taya Baba a kasuwa, da yamma ina koyarwa a wata makaranta a unguwarmu. In aka kira magariba ban shigo ba, Umma sai ta kira ni, ko da ta san ina masallacin ƙofar gida. Baba mai shayi ya ƙi karɓar kuɗinsa, sau uku Baba yana kai masa. Da Sallah dai mukan kai masa shadda, wannan yana karɓa. Hoton nan kuwa yana nan a shafin, na rubuta musu ya fi a ƙirga.

Kafin in bar makaranta na miƙa littafin ga wani yaro ɗan aji biyu da ke haya a lungunmu. Bangon ya tsufa, mun liƙe shi da salatif. Ya buɗe shafin farko ya ga layin da ke sama kwanan watansa na 2021 ne, alhali sauran daga 2023 suka fara. Ya ce, “Yaya, wannan fa?” Na ce masa wayar abokin ɗakina ce, ranar da muka sayi littafin ita muka fara rubutawa.